Ƙirƙirarriyar basira a ajin kodin: wa zai tuna mata da makaho?

Ƙanena da ke aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta ya zo hutun ƙarshen zango da wani aiki da yake ta cika baki a kansa. Shafin rajistar ɗalibai ne. Malaminsu mako uku ya ba su, shi kuwa tsakanin magariba da sha ɗayan dare ya gama, domin faɗa wa manhajar ƙirƙirarriyar basira yake yi tana rubuto masa. Shafin ya yi kyau, babu ƙarya: rubutu ruwan toka a kan fari, maɓallai masu zagayayyen gefe, ga hoton ƙofar jami'a a sama. Ya ce, "Yaya, duba ka gani, ko kamfani aka ba iyakar abin da zai yi ke nan."

Na ce ya zare linzamin kwamfutar ya ajiye gefe, ya kunna manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo, ya yafa tawul a kan allon, sannan ya cike fom ɗin da kunne da madannai kawai. Ya danna Tab, madannin da ke tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi, muryar ta ce da Turanci, wurin rubutu, babu komai. Ya sake dannawa, ta maimaita. Gurbi shida, ba ta faɗi ko ɗaya na suna ne ko na lambar waya ba. Da ya kai ƙarshe, maɓallin turawa ma bai same shi ba, Tab ta tsallake shi kamar ba a taɓa yin sa ba. Ya ɗago ya dube ni, "Amma Yaya, da na gwada ai komai yana aiki." Yana aiki mana, ga mai ido da lafiyayyen hannu.

Abin da ya faru ba wani siddabaru ba ne. A harshen HTML da ake gina shafukan intanet da shi akwai alamar da ake kira button, wadda burauza ta san maɓalli ce. Tana ba ta gurbi a jerin abubuwan da Tab ke bi, tana barin a danna ta da Enter, tana kuma sanar da manhajar karanta allo cewa ga maɓalli. Akwai kuma div, wadda akwati ce kawai marar ma'ana. Kana iya yi wa div kwalliya har ta fi maɓallin gaske kyau, ka sa ta yi aiki idan an taɓa ta da linzami, amma a wurin makaho bango ce. Haka guraben nan shida. An rubuta "Suna" a gefen gurbi, ido yana gani ya haɗa su da kansa, amma ba a ɗaure kalmar da gurbin da alamar label ba, saboda haka kunne bai samu komai ba. Gyaran duka bai kai layi goma ba.

Waɗannan abubuwa suna da ƙa'ida rubutacciya tun tuni. Ƙungiyar W3C mai kula da tsarin yanar gizo ta fitar da kundin WCAG, wato ƙa'idojin gina shafin da masu buƙata ta musamman za su iya amfani da shi, na farko a 1999, na biyu a 2008, aka yi masa ƙari a 2018, wato 2.1, sannan aka fitar da 2.2 a Oktoban 2023. Ginshiƙansa huɗu ne: mutum ya iya riskar abin da ke shafin ko da ido ko da kunne ko da taɓi, ya iya sarrafa shi, ya iya fahimtarsa, kuma shafin ya yi aiki da na'urorin taimako iri-iri. Har bambancin hasken rubutu da na bangonsa an ƙayyade, aƙalla 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum a matakin AA, wato na tsakiya cikin matakan kundin uku. Ruwan tokan ƙanena bai ko kusa ba. Kuma waɗanda ake wa wannan tanadi ba 'yan tsiraru ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3, kusan kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata babbar naƙasa.

To, tunda ƙa'idar tana nan, me ya hana manhajar bin ta? Amsar tana wurin da ta yi karatu. Cibiyar WebAIM da ke Jami'ar Jihar Utah a Amurka tana duba shafin farko na manyan gidajen yanar gizo miliyan ɗaya kowace shekara tun 2019. A binciken 2024, kashi 95.9 cikin ɗari an same su da kurakuran da suka saɓa wa WCAG, kuma waɗannan kurakuran da na'ura ke iya ganowa ne kaɗai. Kimanin kashi 81 rubutunsu dishi-dishi ne, fiye da rabi suna da hotuna marasa bayani, kusan rabi suna da guraben fom marasa suna. Daga irin wannan tulin rubutu, da ma'ajiyoyin kodin na jama'a, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, manhajojin nan suka koyi sana'a. Aikinsu shi ne hasashen abin da ya fi dacewa ya biyo baya bisa abin da suka saba gani. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai dai a yi musu adalci. Idan ka tambaye su kai tsaye mece ce ƙa'idar WCAG a kan fom, za su zayyano maka ita tiryan-tiryan, sau da yawa fiye da yadda malamin da bai karanci fannin ba zai yi. Sababbin ma sun fi na baya sa label da kansu. Ilimin yana cikinsu, abin da babu tabbas a kansa shi ne ko za su fito da shi ba tare da an nema ba. Masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon sun zauna da masu rubuta manhaja 16 waɗanda ba su da horo a wannan fanni, suka sa musu ido suna aiki da mataimakin ƙirƙirarriyar basira. Sun ga mutanen ba sa tunawa su nemi a kula da masu buƙata ta musamman. Sun ga idan manhajar ta bar musu gurbin da za su cike da kansu, kamar bayanin hoto, sai su bar shi yadda yake. Sun kuma ga ba su da hanyar tantance ko abin da aka ba su daidai ne. A kan haka suka ƙera wani ƙari ga mataimakin rubuta manhaja na GitHub Copilot, ƙarin mai suna CodeA11y, wanda suka gabatar a 2025, yana cusa ƙa'idojin tun daga farko, yana nuna kurakurai, yana kuma tunatar da mutum abin da sai shi da kansa zai duba. Duk wanda ya lura zai ga matsalolin nan uku na mutum ne, ba na na'ura ba. Shi ya sa maganar ta dawo aji.

Shigar irin waɗannan mataimaka jami'a ba yau aka fara ba. A 2016 Farfesa Ashok Goel na Georgia Tech ya sa wata mataimakiya mai suna Jill Watson tana amsa tambayoyin ɗalibansa a intanet, da yawansu ba su gane ba mutum ba ce sai da aka faɗa musu a ƙarshen zango. GitHub Copilot ya fito gwaji a 2021, daga baya aka buɗe shi kyauta ga ɗaliban da aka tantance. ChatGPT ya biyo baya a ƙarshen Nuwamban 2022, daga nan kuma ba a sake tambayar ko ɗalibai za su yi amfani da su ba, tunda suna yi, malam ya sani ko bai sani ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne dabarar kwas ɗin CS50 na share fagen kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Harvard, wanda David Malan ke jagoranta. A 2023 suka fito da nasu mataimakin mai siffar agwagwar roba, suka ɗaure shi kada ya miƙa wa ɗalibi amsa, sai dai ya yi ta jan sa da tambaya da ishara har ya gano da kansa. Har adadin tambayoyin da ɗalibi zai yi a jere sun iyakance, don kada ya mayar da ita sandar dogarawa.

A ganina a nan gizo ke saƙa. Mataimakin da zai gyara shafin ƙanena shiru, ya mayar da div ta zama button ba tare da ya ce uffan ba, ya samar da shafi mai kyau guda ɗaya, amma ya bar ɗalibin a inda ya same shi. Wanda zai ce masa, "Wanda ba ya amfani da linzami, ta yaya zai kai ga wannan maɓallin? Gwada da Tab ka faɗa min abin da ka gani," shi ne ya koyar. Kamfani na farkon yake so saboda sauri yake nema. Jami'a ta biyun take buƙata, kuma ba ya zuwa haka nan, sai malami ya zauna ya tsara umarnin da mataimakin zai bi, ya ɗora masa kundin WCAG, ya hana shi ba da amsa ɗungurungum.

Akwai kuma iyakar da na'ura ba ta ƙetarewa, ko wace iri ce. Ɗauki bayanin hoto, wato ɗan rubutun alt da manhajar karanta allo ke furtawa a madadin hoto. Ƙirƙirarriyar basira a yau tana iya duban hoto ta ce "dattijo sanye da babbar riga da rawani a kan doki." Ba ta yi ƙarya ba. Amma idan shafin labarin hawan sallah ne, abin da mai sauraro ke so shi ne wane ne a kan dokin. Idan shafin mai sayar da kayan doki ne, sirdi da linzami ne abin bayani. Idan kuwa hoton ado ne kawai, daidai shi ne a bar alt fayau don kada a cika wa mutum kunne da surutu. Hoto ɗaya, amsa uku, kuma wanda ya san dalilin sa hoton ne kaɗai zai zaɓa. Manhajojin dubawa irin su WAVE da axe da Lighthouse suna gaya maka ko akwai alt ko babu, ba sa gaya maka ko abin da aka rubuta yana da amfani. Hukumar kula da ayyukan intanet ta gwamnatin Birtaniya ta taɓa gina shafi da gangan ta cusa masa matsaloli sama da 140, ta saki manhajojin dubawa a kansa. Wadda ta fi ƙoƙari kusan kashi 40 cikin ɗari ta gano.

Masu cewa na'ura za ta gama komai sun riga sun sha kunya. A Janairun 2025 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin accessiBe biyan dala miliyan ɗaya saboda iƙirarin da ya yi cewa manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira tana iya mayar da kowane shafi ya dace da WCAG. Akwai ma wani tarko da ɗalibai ke yawan faɗawa, wato ARIA, wasu ƙarin alamomi da aka tanada don bayyana wa manhajar karanta allo abubuwa masu sarƙaƙiya. Ka ce wa mataimaki "gyara wannan don makafi," sau da yawa sai ya barbaɗa ARIA ko'ina kamar mai zuba yaji a tsire. Ɗalibi ya ga kodin ya ƙara tsawo, ya ɗauka an yi aiki. Alhali shawarar farko da W3C ke bayarwa a kan ARIA ita ce, in akwai alamar HTML ta asali da za ta yi aikin, a yi amfani da ita a ƙyale ARIA. Binciken WebAIM ma yana nuna shafukan da ke da ARIA sun fi marasa ita yawan kurakurai a matsakaici.

Me ya sa jami'o'in Turai da Amurka suka tashi tsaye yanzu? Doka ce ta taso su, ba tausayi kaɗai ba. Tun 2008 kantin Target ya amince ya biya dala miliyan 6 a ƙarar da ƙungiyar makafi ta Amurka ta shigar kan shafinsa. A 2019 Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙi sauraron ƙorafin Domino's bayan wani makaho, Guillermo Robles, ya kai su ƙara saboda ya kasa sayen abinci ta shafinsu da manhajarsu. A Afrilun 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta wajabta wa hukumomin jihohi da ƙananan hukumomi, har da jami'o'in gwamnati, bin WCAG 2.1 a matakin AA. Irin wannan doka ta Tarayyar Turai kuma ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025, ta shafi bankuna da kasuwancin intanet da littattafan lantarki. Wanda ya kammala digiri bai san wannan ba, kamfanin da ya ɗauke shi ne zai biya kuɗin jahilcinsa. Matasanmu masu yi wa kamfanonin waje aiki daga Kano ko Kaduna su ma dokar ta iso teburinsu.

Ɓangare na biyu na maganar, wanda aka fi mantawa, shi ne ɗalibin da shi kansa ke da larurar yana zaune a ajin. Makafi sun daɗe suna rubuta manhaja. NVDA, manhajar karanta allo ta kyauta da ake amfani da ita a faɗin duniya, makafi biyu ne 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta tun daga 2006. Amma hanyar akwai ƙaya. Harshen Python da ake fara koyarwa da shi a wurare da yawa yana dogara da tazarar da aka bari a farkon layi, abin da mai ido ke gani da kallo ɗaya, makaho kuwa sai ya saurari ƙidayar tazarar layi bayan layi. Saƙon kuskure mai layi arba'in, mai ido ya tsallaka zuwa inda ya dace, mai kunne sai ya bi shi. Malam ya zana taswirar rumbun bayanai a allo ya ce "wannan yana haɗe da wancan," shi ke nan an bar mutum a baya.

A nan ƙirƙirarriyar basira ta yi rawar gani, kuma ba na jin kunyar faɗa. Tana taƙaita dogon saƙon kuskure cikin jimla biyu. Tana bayyana tsarin fayil kafin mutum ya kutsa ciki. Tana duban hoton zane ta faɗi abin da ke haɗe da me, irin aikin da manhajar taimakon makafi ta Be My Eyes ta fara yi wa masu amfani da ita a 2023. Kurma yana samun rubutun lacca nan take, wanda hannunsa ba ya jure dogon bugu yana faɗa da baki a rubuta. Sai dai shawarwarin da mataimakin ke fitowa da su dishi-dishi a gaban abin da kake rubutawa, don ido aka tsara su, sai da aka ƙara sauti da wata taga ta musamman a VS Code, manhajar da ake rubuta kodin a cikinta, kafin mai kunne ya iya bin su da kyau. Kuma idan manhajar ta yi kuskure wajen bayyana zane, ɗalibin ba shi da hanyar ganewa. Malamin da ya ce "ai yanzu akwai na'ura, ta bayyana maka" ya sauke nauyinsa ne a kan abin da ba a iya tuhuma.

Mu dawo gida, domin akwai abubuwan da babu wani kundi na waje da zai koya wa ɗalibinmu. Ka ce wa mataimaki ya rubuta maka dokar tantance suna a fom, yana iya ba ka wadda ke karɓar haruffan A zuwa Z kawai. Sa'adatu ta rubuta sunanta, fom ya ce ba daidai ba ne. Mu'azu haka, Ɗanladi haka. Kowa ya san yadda ake ƙarewa: mutum ya cire alamar, sunansa ya bambanta a takardu biyu, wata rana ya kwana a layin gyara. A saman kowane shafi akwai alamar da ke faɗin harshensa, kuma samfurin da aka saba kwafa yana zuwa da en na Turanci. Idan rubutun Hausa ne, ha ya kamata a sa. A gwajinmu da ƙanena, da muryar Turancin ta iso kalmar "ƙwaƙwalwa," abin da ya fito sai da muka yi dariya, dariyar da ba ta da daɗi idan ka tuna akwai mai jin haka kullum. Wanda zai sa ajami kuma sai ya juya alƙiblar rubutu daga dama zuwa hagu. Ga ƙaramar wayar Android mai fasasshen gilashi a tsakar rana, ga data da ake ƙirgawa kamar kuɗin cefane. Rubutu dishi-dishi a ranar Sakkwato, mai ido ma makaho ne.

Ba kuma za a ce babu madogara ba. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. JAMB, wadda jarrabawarta ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, tana da kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi tasu. Ma'ana suna shiga jami'a, kuma daga ranar farko rajista da biyan kuɗi da duba sakamako duk ta shafin intanet ne. Sabuwar manhajar karatu da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ta ga ya dace da ita. Gurbi ke nan a buɗe. Jami'o'i irin su Bayero da Jos suna da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, ga sashen kwamfuta a harabar guda, amma sau nawa ɗaliban sassan biyu suke zama a tebur ɗaya?

Ni dai ban yarda da ware wa abin lacca ɗaya a ƙarshen aji huɗu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ranar da aka koya wa yaro yin maɓalli ranar ya kamata a koya masa wanda kowa zai iya dannawa. Hana amfani da ƙirƙirarriyar basira kuma ɓata lokaci ne. Gara malam ya ce kowa ya yi amfani da ita, amma ya kawo hirar da suka yi, ya nuna kuskure uku da ta tafka da yadda ya gano su, sannan ya zo gaban aji ya cike fom ɗinsa babu linzami, allo a rufe. NVDA kyauta ce, TalkBack, mai karanta allon Android, tana cikin wayar da ke aljihunsa, babu batun jiran kasafin kuɗi. A wannan ajin, ji ne ya kori gani.

Ƙanena ya koma makaranta da shafinsa gyararre. Ya sa label, ya mayar da div ta zama button, ya ƙara wa rubutun duhu, manhajar dubawa ta ba shi maki ɗari cif. Sai ya kai wa wani makaho ɗan aji biyu da suke sallah a masallaci ɗaya. Yaron ya sa abin saurare a kunne, ya bi guraben da saurin da ƙanena ya ce ko kalma ɗaya bai iya tsinta a muryar ba, ya kai gurbi na biyar sai shafin ya koma farko, duk abin da ya rubuta ya goge. Ashe akwai agogon minti uku da mataimakin ya sa don tsaro, yana ƙirgawa da jan rubutu a kusurwar sama, babu sanarwa, babu hanyar neman ƙarin lokaci. Shi kuwa ya tsaya laluben lambar rajistarsa ne a waya.

Ya cire abin sauraren ya ce, "Mutumina, aikinka ya fi na da yawa da na gani. Amma wannan agogon, wa ka tambaya kafin ka sa shi?"